Aikin Asabar na Malama Rabi

Duk shekara in aka turo mini ku, ɗalibai masu koyon aiki, abu na farko da kuke tambaya shi ne takardar nan da ke manne a jikin ƙaramin akwatin da ke kusurwa, wadda aka rubuta wa YAYA da jan alƙalami. Sai ku tuntsire da dariya, wani ma har ya kai farce zai ɓamɓare ta. Na biyu kuma ku ce wai me nake yi a ɗakin nan tun safe har la'asar, tunda na'ura ce ke yin komai. To ku jawo benci, ku ajiye wayoyin nan. Tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Da tafireta na fara, a rumfar Alhaji Mamman mai gyara, kusa da tasha a nan Daura. Shekarata ta farko bai bar ni na riƙe sukudireba ba, daga buroshi sai kananzir sai tsumma. Akwai ranar da wani akawu ya kawo tafiretarsa, ya ce layi ba ya kaiwa ƙarshe, yana tsayawa a rabi. Alhaji ya fita, ni kuwa ina ɗokin nuna gwaninta, na kwance ta tas, na wanke, na sa mai, na mayar. Na gwada, lafiya lau. Washegari mutumin ya dawo da ita yana huci, ya ce ba abin da ya canja. Alhaji bai ko kalli tafiretar ba. Cewa ya yi da shi, "Malam, zauna ka nuna mini yadda kake ajiye ta a ofis." Mutumin ya ɗauke ta ya tura ta can lungu har jikin bango, don ya samu wurin ajiye fayiloli. In keken da ke ɗauke da takarda ya tafi sai ya bugi bango ya tsaya. Shi ke nan cutar.

Da mutumin ya tafi, Alhaji ya kama kunnena ya ce, "Habu, in an kawo maka gyara kar ka tsaya ga tambayar me ya lalace. Ka sa mutum ya nuna maka yadda yake yi." Na ce to. Shekara nawa na yi ina ganin na riƙe maganar, ashe a aljihu na sa ta.

Da tafireta ta mutu na bi kwamfuta. Na yi shagon buga takardu a Katsina, na yi kwas a Kano, na ja waya a silin ɗin ofisoshi har ban san adadi ba, sannan na samu aiki a wannan makaranta. Jakar da kuke rainawa ɗin nan, tun lokacin take. Ga filayar matse kan waya, ga abin gwajin waya mai 'yan fitilu, ga tocila, ga abin hura ƙura, ga littafi da biro. Kuna cewa yanzu komai a allon kwamfuta ake gyarawa. Ku jira ranar da ɓera zai ci waya a silin, ko zanzaro ya yi gini a cikin fankar na'ura, mu ga wane maɓalli za ku danna.

Bari in gaya muku yadda abin yake, kamar ba ku taɓa ji ba, don na lura da yawanku ji kawai kuka yi. Wannan doguwar na'urar ita ce saba. Ita ke riƙe da sunan kowa da kalmar sirrinsa, malami da ɗalibi da ma'aikaci. Wancan ƙaramin akwatin kuma shi ne ma'aji, a cikinsa kowa ke da foldarsa, wadda mu a nan muke kira ɗaki. Ka zauna gaban kowace kwamfuta a makarantar nan, ka sa sunanka, saba ta gane ka, ta buɗe maka ɗakinka daga cikin akwatin, ka tarar da kayanka yadda ka bar su.

Da can da hannu nake gina wa kowa ɗaki. In sababbin ɗalibai suka shigo, sai in yi mako ina abu ɗaya har idona ya riƙa ganin bibbiyu. Daga baya na saita saba yadda in mutum ya shiga karon farko, ta duba ba ta ga ɗakinsa ba, ita da kanta za ta gina masa sabo nan take. Ranar da abin ya yi aiki, ba na ɓoye muku, har tafiyata sai da ta canja.

Daga nan na fara sanin cututtukan ginin ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda za a gina wa ɗaki amma makullin ya tafi hannun wani, yana ganin ƙofa ba ya iya ajiye komai. Akwai wanda aka yi wa rajista aka manta a rubuta inda ɗakinsa zai zauna. Akwai lokacin da wuri ya cika maƙil, saba ta fara gini ta tsaya a rabi. Akwai kuma shekarar da muka samu Abubakar Ibrahim har uku a aji ɗaya, aka cusa biyu a ɗaki guda, kowa yana zargin ɗan'uwansa da yi masa kutse. Kowanne cikinsu maganarsa ɗaya ce in ya leƙo: "Injiniya, kwamfutarka ta ƙi ni." In tana aiki ta makaranta ce, in ta ƙi tawa ce. Duk waɗannan na san maganinsu, kuma har yau a minti goma nake gamawa da su.

Abu ɗaya ne na riƙe a kaina ban rubuta a ko'ina ba. Saba sau ɗaya take neman akwatin nan, lokacin da ta tashi. In ba ta gan shi ba, ba ta sake waiwayarsa sai an kashe ta an kunna. Don haka kullum akwati nake fara kunnawa, in jira koriyar fitilarsa ta tsaya cak, sannan in kunna saba. Hannuna ya saba da haka, kamar yadda mutum ke sa takalmi ba tare da tunani ba.

Sai ga shekarar da taransifomar unguwarmu ta ƙone a tsakiyar damina. Wata da watanni muna kan janareta, man ma da awo ake ba mu. Ƙarfe huɗu ake kashe komai, da safe a sake tayarwa. Baturan da ke riƙe mana wuta suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na'urar da ya kamata ta shekara ba ta huta ba, sai ga shi kullum tana kwana a kashe. A wannan shekarar na yi furfurar da kuke gani.

Wata Asabar aka ce mini wani ɗan kasuwa ya shigo da batura Kongolam, can bakin iyaka, in ban je da wuri ba za a kwashe. A ranar kuma ofishin jarrabawa sun ce mutum ɗaya zai zo aiki. Sai na ba Baba Ɗanjuma makullin ɗakin nan. Baba shi ne mai kula da janareta, dattijo mai tsari, wanda in ya shigo ofis sai ya gaida kowa bi da bi daga babba zuwa ƙarami, ko da kuwa gobara ya zo faɗa. Na nuna masa maɓallai biyu na ce, "Baba, ka kunna su duka biyun, la'asar ka kashe." Ya ce, "An gama, Injiniya." Na hau mashin na tafi.

Wadda ta zo aikin ita ce Malama Rabi, mai buga takardu a ofishin jarrabawa, mutuniyar Mashi. Ta fi shekara ashirin a kujerar nan. Tana bugu ba ta kallon yatsunta, kuma ban taɓa jin an mayar mata da takarda don kuskure ba. An ce ta shigar da makin 'yan ajin ƙarshe gaba ɗaya, saboda ranar Talata hukumar makaranta za ta zauna a kansa.

Ranar Litinin na zo na kunna na'urori yadda na saba. Ƙarfe tara ba ta cika ba aka aiko Magatakarda na kira. Na tarar da Malama Rabi tsaye, shi kuma yana zaune gaban kwamfuta yana juya linzaminta. Ɗakinta yana nan da tsofaffin takardunta duka, amma aikin Asabar ko layi ɗaya babu.

"Ranka ya daɗe, wallahi na yi," in ji ta. "Tun takwas nake nan har aka kira la'asar."

"To ina yake? Aljanu ne suka ɗauka?"

Dama a makon ana ta raɗe-raɗin cewa akwai masu son makin nan ya salwanta, saboda wasu 'ya'yan manya sun faɗi. Magatakarda ya juyo ya ce in duba. Na buɗe rajistar saba, wato inda take rubuta duk abin da ya faru. Na ga sunanta, ta shiga takwas da minti goma, ta fita huɗu saura. Na duba kwafin ajiya, babu fayil ɗin. Sai na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ta shiga kam. Na'ura kuma ba ta ƙarya."

Ku riƙe wannan maganar tawa, don ita aka ɗauka aka ɗora mata a ka. Tunda ta shiga, ta yini, kuma ba aiki, to ita ta goge. Aka ɗage zaman hukuma, aka kafa kwamiti zai zauna ranar Alhamis ƙarfe goma, kuma kowa ya san ƙarshen irin wannan zama kora ce. Takardar tuhumar ma ita aka ba ta buga, don ba wani mai bugu a ofishin. Ta zauna ta buga wa kanta, ba kuskure ko ɗaya, ta kai aka sa hannu, aka miƙo mata.

Talata ta same ni a nan, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Injiniya, akwai abin da ban faɗa ba, don ba wanda ya tambaye ni. Ranar da na shiga, ɗakin fayau na same shi. Ba ko takarda ɗaya."

"Haba Malama! Me ya hana ki kira ni?"

"Ai kai ka ce a taro za a yi mana sababbin ɗakuna in sabon zango ya zo. Na ɗauka an yi ne. Kuma an ce kana kan hanya, ban ga dalilin tayar maka da hankali ba."

Gaskiya ne, na faɗi haka a taro. Amma a raina cewa na yi, ɗakin da ke cike yau ya za a yi ya zama fayau ranar Asabar? Na zarge ta, ba zan yi muku ƙarya ba. Duk da haka na yi abin da ya kamata. Na duba makullin ɗakinta, daidai. Na duba wuri, akwai. Na duba rajistar sunanta, tana nuna inda ya dace. Na bincika ko ƙwayar cuta ce, babu. Na kwance kwamfutar teburinta na leƙa ko a can ta ajiye, babu. Yini biyu ina zagaye wuri ɗaya.

Ranar Laraba da azahar na koma kan rajistar Asabar, wannan karon na karanta ta layi-layi da biro a hannu, ba tsallake. Ranar Litinin sunanta kawai na nema, na gani, na rufe. A ƙarƙashin layin shigarta akwai wani ɗan gajeren layi. Saba ta rubuta cewa ta gina wa wannan mai suna ɗaki.

Na ajiye biron. Matar da ta shekara uku da ɗakinta, me za a gina mata? Saba ba ta gini sai in ta duba ba ta ga ɗaki ba. Ke nan ranar Asabar ba ta ga akwatin ba sam. A take na hango inda abin ya dosa, kuma ba wajen Malama ya dosa ba.

Na sami Baba Ɗanjuma a gindin dogonyaro kusa da ɗakin janareta. Har na buɗe baki zan tambaye shi ko ya kunna akwatin, sai na ji kamar Alhaji Mamman ya sake kama kunnena. In na tambaya, cewa zai yi ya kunna, kuma gaskiya ya faɗa. Sai na ce, "Baba, gobe da safe kai za ka kunna mana na'urori. Yadda ka yi ran Asabar sak, kar ka canja komai."

Alhamis bakwai da rabi muna nan ni da shi. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi bisimilla, ya wuce kai tsaye wajen saba ya danna. Sai ya koma gefe ya goya hannu a baya, yana jira. Fanka ta tashi, fitilu suka gama rawa, komai ya natsu. Sai a sannan ya taka zuwa kusurwa ya kunna ƙaramin akwatin.

"Baba, me ya sa ka fara da wannan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garinmu. "Injiniya, ai shi ne babba. Ya za a yi in tsallake babba in tada yaro? Sai da na bari ya gama shirinsa tsaf, kar in yi masa gaggawa."

Ban taɓa komai ba. Na bar na'urorin yadda ya kunna su, na hana kowa shiga, na tafi ofishin jarrabawa. Malama Rabi ta riga ta iso, ta tattara 'yan kayanta na tebur a cikin leda, har da kofin shayinta. Na ce ta zauna ta sa sunanta. Ta ce me ya rage kuma. Na ce ta dai sa. Ta sa. Ɗakin ya buɗe fayau, sai fayil ɗaya tal a tsakiya, da kwanan watan Asabar, huɗu saura kwata. Ta buɗe shi. Makin 'yan ajin ƙarshe ne daga na farko har na ƙarshe. Sai ta ja gefen mayafinta ta rufe bakinta.

Abin da ya faru ba wuya. Saba ta tashi ba ta ga akwati ba. Malama ta shiga, saba ta ga ba ɗaki, sai ta yi abin da na koya mata, ta gina sabo a cikinta ita kanta, a daidai gurbin da akwatin ke zama. Ranar Litinin da na kunna daidai, akwatin ya dawo ya zauna a gurbinsa, ya rufe ɗakin Asabar ruf. Kamar ka yar da allura a ƙasa wani ya zo ya shimfiɗa tabarma a kai. Ba wanda ya goge komai.

Ƙarfe goma na roƙi kwamiti su taso su zo teburinta. Suka gani da idonsu. Na kashe na'urori, na kunna akwati sannan saba, fayil ya ɓace. Na sake kashewa, na kunna yadda Baba ya yi, fayil ya dawo. Sau biyu na yi musu, don akwai wanda ya ce in maimaita.

Magatakarda ya gyara hula ya ce, "To ashe Baba Ɗanjuma ne ya jawo mana. Sai a rubuta haka."

Da na yi shiru, da an rubuta, kuma da an wuce wurin. Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba abin da na ce ya yi shi ya yi. Na ce ya kunna biyu, ya kunna biyu. Ni ne ban faɗa masa wanda zai fara ba. Ni ne na saita saba ta riƙa gini ba tare da ta tabbatar akwati na nan ba. Ni ne kuma na karanta rabin rajista na zo na ce muku na'ura ba ta ƙarya. Ita ba ta yi ƙarya ba, ni ne ban karanta ta ƙarshe ba. In akwai takardar da za a rubuta, sunana za a sa." Aka kuwa rubuta mini ta gargaɗi, tana nan a fayil ɗina, ban taɓa neman a cire ta ba.

A ranar na kwashe aikin na mayar ɗakinta na ainihi. Na gyara saba yadda in ba ta ga akwati ba, ba za ta gina wa kowa komai ba, za ta hana shiga ta ce a kira ni. Gara mutum ya tsaya a waje yana zagina da ya yini yana aiki a ɗakin da zai ɓace. Na rubuta tsarin kunnawa na manna a bango. Na karanta wa Baba, ya saurara, amma na ga abin bai kwanta masa ba. Sai na tuna wani abu, na kai shi gaban akwatin.

"Baba, ka ga wannan ƙaramin? Shi aka fara sayowa. Ya girmi dogon nan da shekara biyu cur. Jiki ne kawai bai yi ba."

Baba ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe yaya ne. To ai da ka faɗa tun farko, Injiniya. Ka sa na yi ta yi masa rashin kunya."

Shi ya sa na rubuta takardar nan na manna. Har Baba ya yi ritaya bai taɓa kuskure ba, abin da wasunku masu karatun digiri suka kasa a makonsu na farko.

Da la'asar ɗin ranar, kafin a kashe janareta, na koma wajen Malama Rabi in tabbatar komai ya zauna. Ta fito da kayanta daga leda ta mayar kan tebur, kofin shayi yana inda yake. Na ba ta haƙuri kan maganar da na yi, ta ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Har na juya sai ta kira ni.

"Injiniya, takardar nan da na buga wa kaina, a wane ɗakin take? Na Asabar ko na kullum?"

"Na kullum, Malama."

"Ita dai ba ta ɓace ba ke nan."

"Tana nan. In cire miki?"

"A'a. Tsaya nan ka gani."

Ta nemo ta, ta buɗe, ta karanta tun daga sama har ƙasa kamar mai duba kuskure. Sannan ta rufe, ta danna, kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata.

"Wannan kam ni na goge," in ji ta. "In an tambaye ka, ka ce ni ce."